Tsibiri Ba Garin Sarkin Gobir Kaɗai Ba Ne

Duk yaron da ya tashi a Maraɗi ya san Tsibiri. Garin Sarkin Gobir ne, nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a kan kabu-kabu. Turawan mulki sun rubuta shi Tibiri a takardunsu, amma a bakin mutane Tsibiri yake. Shi ya sa duk malamin da ya taɓa koyar da labarin ƙasa a nan ya san abin da ke faruwa idan aka zo darasin ruwaye. Ka rubuta kalmar Faransanci a allo, ka ce wa yara ma'anarta tsibiri, sai ka ga fuskokinsu sun saki kamar sun gane. Alhali fada da dogarai suke gani a zuciyarsu. Ƙasar da ruwa ya kewaye ta ta ko'ina kuwa, sai dai su haddace, su zuba a takarda ranar jarrabawa, su manta.

Ba laifinsu ba ne. Ruwan da ɗan unguwarmu ta Zariya ya sani shi ne na famfo, da na rijiya, da kududdufin da damina ke bari a kan hanya, sai Gulbi, wanda ke cika wata biyu ko uku ya koma yashi har samari su buga ƙwallo a cikinsa. Ƙasarmu ba ta da teku. Amma littafin da muke koyarwa cike yake da gaɓa da tsibiri da mashigi da tashar jiragen ruwa, muna neman yaro ya gane su da kunne kawai.

A ƙasashen da ke bakin teku akwai wani irin yawon buɗe ido da mutane ke tara kuɗin shekara saboda shi. A Kuroshiya, wadda ke da tsibirai sama da 1,000, ana shiga ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum 30 zuwa 40, a taso daga birnin Split a nufi Dubrovnik, a yi mako guda ana bin gaɓa, yau a kwana a wannan tsibiri gobe a wancan. Akwai manyan jirage da suka kai unguwa guda, masu ɗaukar fasinja sama da 5,000, amma da yawa daga masu son ganin ƙasa ƙaramin suke zaɓa. Dalili shi ne yana kutsawa lungun da babba ba ya iya shiga, ya tsaya a garin masunta, mutum ya sauka ya gaisa da jama'a, ya ci abincinsu. Babban kuwa sai tasha mai zurfi, har ma gwamnatin Italiya ta hana irinsu ratsa tsakiyar birnin Venis a 2021 saboda ɓarnar da suke yi.

Irin wannan tafiya na taɓa yi, ba tare da fasfo ko biza ba, a cikin ƙasarmu, a kan kogin Isa, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira Kwara. Shekaru ke nan da dama, tun hanyar Tilaberi tana biyuwa da kwanciyar hankali. Wani ƙanena yana aiki a can, ya daɗe yana cewa in kawo yara hutu. Da aka ba da hutun Disamba sai na ɗauki biyu daga cikinsu, mace mai shekara 11 da ƙanenta, muka hau bas daga Maraɗi, muka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, sama da kilomita 600 kafin Yamai. Daga nan muka yi arewa, muka ɗauki baffansu a Tilaberi, muka isa Ayoru ranar Asabar da yamma, kimanin kilomita 200 daga Yamai, dab da iyakar Mali.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne cikar kogin. Muna tsakiyar hunturu, rabonmu da ruwan sama wata uku, leɓe duk ya tsage, ga ruwa kuma maƙil daga wannan gaɓa zuwa waccan. Bamaraɗe ya saba da cewa gulbi da damina yake zuwa, ya tafi da ita. Na san bayanin a takarda, amma a ranar ya zauna mini. Ruwan da muke kallo a tsaunukan Gini ya sauka tun da damina. Mafarin kogin bai fi kilomita 240 daga teku ba, amma sai ya ba tekun baya ya yi arewa, ya shiga Mali, ya bazu a wata makekiyar fadama ta yankin Mopti inda yake tafiya a hankali watanni, ya wuce kusa da Tumbutu, ya lanƙwaso ta Gawo, sannan ya iso mana da sanyi. Gaba ɗaya tafiyarsa ta kai kimanin kilomita 4,200, kuma kusan 550 daga ciki a ƙasarmu yake yi. Na tsaya a gaɓa ina yi wa yaran wannan bayani da kara a kan yashi, ban taɓa ganin sun saurari darasi haka ba.

Lahadi ce ranar kasuwar Ayoru. Tun da hantsi jirage suka fara isowa, wasu daga gungunan da ke kusa, wasu daga Mali, an shaƙe su da buhunan shinkafa da busasshen kifi da tabarmi da tumaki. Ta tudu kuma ga Buzaye da raƙuma, ga Fulani da shanu. A nan na ji wani abu da ya kamata kowane ɗalibi Bahaushe ya sani. Mutanen kogi, Zabarmawa da Sanwai, suna kiran gaɓar hagu ta kogin Hausa, ta dama kuma Gurma. Saboda haka garin da kasuwar take sunansa Ayoru Hausa, tsohon garin da ke tsakiyar ruwa kuma Ayoru Gungu. Kalmar gungu ba baƙuwa ba ce a gare mu: ita ce a sunan Gungawa na ƙasar Yawuri, wato mutanen tsibirai. Ɗiyata ta tambaye ni, to ashe mu sunan gefen kogi muka ci? Na ce mata wannan tambaya ce da masana suka daɗe suna kai-kawo a kanta, ta riƙe ta har ta girma.

Washegari muka yi ciniki da wani dattijo mai jirgin katako dogo, da ɗan inji a bayansa da rumfar tabarma a tsakiya. Sorko ne, waɗanda mu muke kira Sarkawa, masu sana'ar ruwa kaka da kakanni. Yana jin Hausar kasuwa, da ya ji ni malamin lakwal ne kuma sai ya koma kirana mushe. Muka shirya da shi kwana biyu, ya bi da mu gungu-gungu har wajen Firgun mu dawo.

Kafin mu tashi wasu mutum biyu suka zo da buhuna suna roƙon ya rage musu hanya, za su biya. Ya dubi jirgin, ya dube su, ya ce a'a. Suka haɗa shi da Allah, ya ce Allah ne ya sa ya ƙi. Ni da na saba da motocin kasuwar ƙauye, inda kullum akwai wurin mutum ɗaya, sai na sa baki na ce, Baba, ai akwai sauran wuri. Ya nuna mini wani tabo a jikin katakon daga waje, ya ce: "Mushe, in ruwa ya taɓa nan, ko uwata ce ta zo sai ta jira jirgi na gaba. Ruwa ba ya jin ban haƙuri." Ya zaunar da yaran a tsakiya, ya ce kada wanda ya miƙe tsaye sai ya ba da izini, kada kuma a sa hannu a ruwa.

Tafiyar ba ta da sauri, kuma daɗinta ke nan. Gaɓa tana wucewa a hankali: gonakin shinkafa kore shar, ciyawar burgu da shanu ke shiga har wuya suna ci, mata na wanki a kan duwatsu, can bayansu tudun yashi ja. Belbela da shamuwa da wasu tsuntsayen da ban san irinsu a Maraɗi ba suna tashi gabanmu. Dattijon yana karanta ruwa kamar yadda muke karanta allo. Inda ni nake ganin ruwa lumui, sai ya kauce, ya ce dutse ne a ƙasa. Inda ya yi ƙasa-ƙasa sai ya kashe inji, yaronsa ya ɗauki doguwar gora yana dogarawa. Babban jirgi ba zai taɓa bin inda muka bi ba.

Gungun farko da muka sauka ƙarami ne, bukkoki kaɗan na masunta, da taru shanye a kan itace, da warin kifin da ake banda. Muka yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma. Muna cikin gaisawa sai ɗiyata ta nemi izini ta zaga tare da wasu ƴan mata biyu na gidan. Suka bi gaɓa ta hannun dama, ba a jima ba sai ga su sun ɓullo ta hannun hagu. Ta iso tana haki ta ce: "Baba, duk inda na bi ruwa ne! Babu hanyar fita!" Wannan yarinya ta ci makin wannan tambaya a aji tun bara. Amma a ranar ta san tsibiri, da ƙafarta. Gani ya kori ji.

Da la'asar muka ga dorina. Dattijon ne ya fara hango su, ya kashe inji tun daga nesa, ya ce mu yi shiru. Kunnuwa da hanci kawai muke gani, biyar ko shida, sai ɗaya ta buɗe baki, ɗana ya ƙanƙame ni. Ya ce mai ɗa ita ce abin tsoro, kuma ba a shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi. Ya ba mu labarin yadda suke fitowa da dare su cinye gonar shinkafa, ga doka ta hana kashe su, manomi ya rasa inda zai kai kuka. Kakanninsa da mashi suke farautarsu, irin farautar da Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauka a fim a wannan yanki a farkon shekarun 1950. Yaran sun zo da tunanin dorina abar kallo ce, suka koma sun san cewa ga wani ita ce ke raba shi da abincin shekara.

A wani gungu babba muka kwana, mai masallaci da makaranta. Aka ba mu shinkafa da miyar kifi, sanyi ya sauko irin wanda ke shiga ƙashi, kukan dorina na zuwa daga duhu. Na yi hira da malamin makarantar, wanda bai tafi hutu ba saboda nisan gida. Ya ce wasu ɗalibansa da kwale-kwale suke zuwa daga ƙananan gungu, su da kansu suke tuƙawa, kuma ranar da iska ta tashi ko dorina ta tare mashigi rabin aji babu kowa. Na tambaye shi wane darasi ne ya fi ba shi wahala. Ya yi dariya ya ce rijiya. Yaran da ruwa ke bakin ƙofarsu sun kasa gane yadda za a haƙa rami gaba ashirin ko talatin, a ɗaura igiya a jikin sa yana ja, don kawai a sha ruwa. Abin da ɗalibina ke gani duk ranar da ya je ƙauyen kakarsa, shi ne nasa ɗalibin ke haddacewa. Littafi ɗaya muke koyarwa, ƙasa ɗaya, kowane yaro rabin littafin ne ya taɓa gani.

Daga wannan tafiya darussa da yawa suka sami gindin zama. Idan na zo bayanin gungun Lete, can kusa da Gaya, wanda Nijar da Benin suka yi ta jayayya a kansa tun farkon shekarun 1960 har kotun duniya ta Hague ta ba Nijar shi a 2005, na kan iya faɗa wa yara dalilin da zai sa ƙasashe biyu su yi shari'a a kan ɗan tudu a tsakiyar ruwa: ƙasa ce mai laima da kiwo a lokacin da ko'ina ya bushe. Na gani da idona a wasu gungunan.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, tafiyar da muka yi ba ta yiwuwa yau. Tun daga 2017, shekarar da ƴan bindiga suka kai hari Ayoru suka kashe jandarmomi 13, yankin ya zama inda ba mai hankalin da zai kai yaro yawon buɗe ido. Ko an sami zaman lafiya, kuma muna roƙon Allah ya kawo shi, akwai madatsar ruwa ta Kandaji da aka aza harsashinta a 2008. Ranar da aka gama ta aka tare ruwa, gungu da yawa da wani ɓangare mai girma na garin Ayoru za su nutse, dubun dubatar mutane su koma sabon matsuguni. Ƙasa tana bukatar wutar da noman ranin, ba na musu. Haka aka yi a Najeriya da aka gama madatsar Kainji a 1968: tsohon garin Busa ya tafi ƙarƙashin ruwa, aka tashi mutum sama da 40,000, har da Gungawan Yawuri. Abin lura a nan shi ne, wurin da ka ce sai baɗi za ka kai yaro, ba lalle ya jira ka ba.

To me ya rage mana mu mutanen Maraɗi? Abin da ke hannunmu ya fi yadda muke zato. Tafkin Madarumfa bai kai kilomita 30 daga nan ba, ba ya ƙafewa, akwai masunta da kwale-kwalensu, akwai tsuntsayen ruwa, ga kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Tun 2006 Nijar ta sa shi cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A tambayi aji mai ɗalibi 60 a Zariya su nawa suka taɓa zuwa, za a sha mamaki. A Jiratawa yaro zai ga yadda ake fito da ruwa daga ƙasa a raba shi fili-fili har zogalen da uwarsa ke kwaɗawa ya tsiro da rani. Shi kansa Gulbi littafi ne. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo mana ta yankin Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Gulbin Rima, daga nan sai Sakkwato da Argungu, sai Kwara, sai teku. Karan da yaro ya jefa daga kan gada da damina, hanyar teku ya kama. Wannan Gulbin ne kuma ya ci tsohon garin Maraɗi a ambaliyar 1945, abin da ya sa aka hau da gari kan tudu, inda unguwanni irin tamu suka samu daga baya. Idan ruwa ya fara janyewa, tudun yashi kan fito a tsakiyarsa, ruwa ta ko'ina. Ga tsibiri nan, kyauta, sai dai a nuna shi daga gaɓa.

Na san abin da ke zuciyar iyaye, domin ni ma uba ne. Tsoron ruwa gaskiya ne. Ba mu manta da Bagwai ta jihar Kano ba, ranar 30 ga Nuwamba 2021, da jirgi ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Abin da aka fi ambata a sanadin shi ne lodin da ya wuce kima, wato daidai abin da dattijon Ayoru ya ƙi yi ko don kuɗi. Sai dai mu duba wani abu. Kulle yaro daga ruwa bai hana shi zuwa ba. Kowace damina yaranmu na sulalewa su tafi Gulbi da manyan kududdufai da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, ba babba a tare da su, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ruwan da ya yi lumui shi ya fi zurfi, ko cewa Gulbi kan taso da ƙarfi saboda ruwan da aka yi a wata ƙasa alhali nan rana ake ƙwallawa. Yaron da aka kai da rana tsaka, aka zaunar da shi gaban masunci ya ji dokokin ruwa daga bakin mai shi, ya fi wanda aka ce wa kul kawai tsira.

Saboda haka ga abin da nake roƙon ƴan'uwana malamai da kwamitocin iyaye. A sa fita ɗaya a shekara cikin tsarin makaranta, a fara tara kuɗinta tun farkon shekara da ɗan abin da ya sawwaƙa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Malami ya fara zuwa shi kaɗai ya ga wurin, ya gaida mai gari da Sarkin Ruwa, su za su nuna masa matuƙin da aka yarda da shi. A nemi izinin kowane uba a rubuce, a tafi da wasu iyayen, mata da maza. Idan za a shiga kwale-kwale, a shiga kaɗan-kaɗan, babba ɗaya na kula da yara uku ko huɗu, kowa da rigar da ke hana nutsewa, a tsaya kusa da gaɓa, da safe kafin iska ta tashi. In babu rigunan, a tsaya a tudu. Kallon masunci yana jefa birgi da tambayarsa sunayen kifi ma darasi ne cikakke. Kowane yaro ya riƙe kaye da fensir, ya zana abin da ya gani, ya rubuta kalma biyar da bai sani ba da.

Ga iyaye kuma, kuɗin da ke tafiya a ankon biki ɗaya ya isa ya kai gida guda Madarumfa ya dawo da su har da kifin miya. Ba sai an jira makaranta ba. Ranar wata Lahadi bayan kaka, a ɗauki yara, a tafi da su, a bar su su yi tambaya har su gaji. Wanda Allah ya hore wa zuwa Yamai, kada ya bar yaro a gidan ƴan'uwa gaban talabijin; ya kai shi bakin gadar Kennedy ya ga kogin ƙasarsa.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya buɗe hanyoyin da suka rufe, ya tsare mana zuri'a a tudu da ruwa.